Waƙar Lied ta Jamus: me ya sa waƙa ɗaya take da faifai barkatai, kuma wanne zan fara ji?

Tambaya daga wani mai karatu: "Assalamu alaikum malam. Kwanaki ina yawo a YouTube na ci karo da wani Bature tsaye a gefen fiyano, babu ganga babu 'yan amshi, yana waƙa da Jamusanci kamar mutum uku ne a maƙogwaronsa. Sunan waƙar Erlkönig. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Da na ƙara dubawa sai na ga mutane da yawa sun rera wannan waƙa ɗin, maza da mata, ana ta musun wane ya fi wane, ana yawan ambaton wani Fischer-Dieskau. Wace irin waƙa ce wannan? Me ya sa ake ta maimaita waƙar da wani ya riga ya yi? Kuma wanda ba ya jin Jamusanci, ta ina zai fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: mene ne wannan abu, me ya sa mawaƙa ba sa gajiya da shi, kuma yaya baƙo zai shiga. Ta tsakiyar ita ce mai nama, don haka a kanta zan fi daɗewa. Amma bari in fara gaya maka cewa mutum huɗu ka ji a maƙogwaron nan, ka manta da mai ba da labari.

Abin da ka ji sunansa Lied, jam'insa Lieder. A Jamusanci kalmar waƙa ce kawai, kowace iri. Amma a bakin masana kiɗa tana nufin abu takamaimai: a ɗauki rubutacciyar waƙar wani marubuci, wadda aka riga aka buga a littafi don karatu, wani mai tsara kiɗa ya ɗora mata sauti na murya ɗaya da fiyano ɗaya, ya rubuta komai a takarda, har inda za a sassauta da inda za a ɗaga. Daga nan sai wasu mutum biyu dabam, mawaƙi da makaɗi, su ɗauki takardar su rayar da ita. Kunnenmu ya saba da mawaƙin da shi ne mai baitin, shi ne mai karin, wani lokacin shi ne mai kiɗan, kamar yadda marigayi Ɗan Maraya Jos yake shi kaɗai da kuntiginsa. A Lied mutum huɗu ne a kan waƙa ɗaya, kuma sau da yawa mawaƙin da makaɗin ba su taɓa ganin marubucin ko mai tsara kiɗan ba.

Erlkönig da yaro ɗan shekara 18

Baitocin na Goethe ne, babban marubucin Jamusawa. Sautin kuma na Franz Schubert ne, mutumin Viyana ta ƙasar Ostiriya, wanda aka haifa a 1797 ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600. Ya tsara Erlkönig a 1815, yana ɗan shekara 18.

Labarin gajere ne. Uba ne a kan doki cikin dare da iska, rungume da ɗansa. Yaron yana ganin wani sarkin aljanu yana kiransa, yana yi masa alkawarin wasanni da furanni da 'yan mata masu rawa. Uban yana ta kwantar masa da hankali: hazo ne ɗana, iska ce a cikin busassun ganye, tsofaffin itatuwa ne. Daga ƙarshe aljanin ya ce in ba ka zo da daɗi ba zan ɗauke ka da ƙarfi. Uban ya isa gida, yaron ya mutu a hannunsa. Duk wannan cikin kamar minti huɗu.

Ka koma ka sake ji, amma wannan karon ka bar mawaƙin, ka bi fiyanon. Hannun dama yana bugun sauti ɗaya da sauri ba numfashi tun daga farko: sukuwar dokin ke nan. Hannun hagu yana tasowa daga ƙasa kamar guguwa. Duk lokacin da yaron ya yi kukan "babana, babana", Schubert ya ɗaga kukan sama da na baya, har na ukun ya zama ihu. Dokin bai tsaya ba sai a ɗangon ƙarshe. Nan fiyano ya yi tsit, mawaƙi ya faɗi mutuwar yaron kusan da maganar baki, sai bugu biyu, shi ke nan. Wanda ya ɗauki fiyanon nan a matsayin ɗan rakiya ya rasa rabin waƙar.

Na yi shekaru ina kaɗa wa ɗalibai masu koyon waƙa fiyano, kuma babu waƙar da nake jin gabana ya faɗi idan an ajiye min takardarta kamar wannan. Kafin a kai tsakiya damtsen dama ya fara ɗaukar zafi, in ka ƙanƙame wuyan hannu kuwa ka gama yawo. Schubert da kansa ya rubuta wani nau'i mai sauƙin bugu, abin da yake ɗan sanyaya mana rai mu makaɗa.

Wani abin da zai ba ka dariya: a 1816 abokan Schubert sun tattara waƙoƙin da ya yi da baitocin Goethe, har da wannan, suka aika wa dattijon. Aka dawo da kunshin ba tare da ko kalma ba. Goethe ya fi son irin aikin abokinsa mai tsara kiɗa Zelter, inda kari ɗaya ake maimaitawa a kowane baiti, kamar yadda ake rera rubutacciyar waƙa a wajenmu, kalmomi su ne sarakai, sauti bawa. Schubert ya iya wannan salon ma, ya yi shi da yawa. Amma a irin su Erlkönig ya bar sautin yana sauyawa da labarin daga farko har ƙarshe. Shekara guda kafin Erlkönig, a watan Oktoba na 1814, ya yi Gretchen am Spinnrade, budurwa zaune tana kaɗi da keken zare tana tunanin masoyinta. Fiyano yana juyawa kamar keken. Da ta tuna sumbarsa sai keken ya tsaya cak, sannan ya fara yunƙurin tashi, ya tsaya, ya sake yunƙurawa, kamar ƙafarta ta manta aikinta. Masana da yawa daga wannan waƙa suke fara lissafin Lied a sigarsa da muka sani.

Bayan Schubert akwai Robert Schumann, wanda a shekara ɗaya, 1840, shekarar da ya auri Clara Wieck bayan shari'a da mahaifinta, ya zubo waƙoƙi sama da 130. Cikinsu akwai Dichterliebe, jerin waƙoƙi 16 da baitocin Heinrich Heine. Schumann makaɗin fiyano ne tun asali, shi ya sa a wajensa mawaƙi kan rufe baki fiyano ya ci gaba da faɗin abin da bakin ya kasa. Sai Brahms, sai Hugo Wolf wanda ya ɗora wa waƙoƙin marubuci Mörike 53 sauti a 1888, sai Mahler da Richard Strauss waɗanda suka riƙa fitar da Lied daga ɗaki zuwa gaban babbar ƙungiyar makaɗa. Waɗannan duk ka ajiye su tukuna.

Me ya sa ake ta maimaitawa?

Domin takarda ba ta da murya. Schubert bai bar faifai ba, ya rasu kusan shekara 50 kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti. Abin da ya bari alamomi ne: wannan sauti, wannan tsawo, nan a hankali, nan da sauri. Amma "da sauri" nawa? "A hankali" na mai tsoro ko na mai lallashi? A ina za a ja numfashi? Wace kalma za a danna? Takarda ta yi shiru a kan waɗannan, kuma a cikin wannan shirun mawaƙi yake zaune. Babu wata rerawa ta asali da sauran suke kwaikwaya. A zamanin Schubert ma a falon abokai ake yin su, shi a kan fiyano, tsohon mawaƙin fada Johann Michael Vogl yana rerawa, kuma an san Vogl da ƙara wa waƙa nasa adon.

Ga misali daga ɗakin koyo. Wani ɗalibi mai kakkaurar murya ya kawo Erlkönig, da ya zo wajen aljani sai ya kumbura murya, ya yi gurnani, ya zare ido. Malamarsa, wata tsohuwa da ta yi zamaninta a dandamali, ta ɗaga hannu ta tsayar da mu. Ta tambaye shi ko ya taɓa jin mai satar yara ya zo da tsawa. Da alawa yake zuwa. Ta nuna masa takardar: Schubert ya rubuta wa aljanin sauti mai daɗi, mai haske, kuma ya ce a rera shi can ƙasa-ƙasa. Ya sake yi da murmushi a murya, ni da ke kan fiyano sai da na ji sanyi a bayana. Takarda ɗaya, mutum ɗaya, minti biyar tsakani, waƙa biyu.

Sannan akwai batun kaurin murya. Waƙoƙin Schubert da yawa an rubuta su ne don murya ta sama, wadda a maza ake kira Tenor. Mai matsakaiciyar murya, Bariton, ko mai kauri, Bass, sai a saukar masa da waƙar gaba ɗaya. Wannan halas ne a sana'ar, amma yana sauya launi. Saurayin da ke kukan soyayya da siririyar murya, in an saukar da shi sai ya koma magidanci mai jimami, fiyanon ma ya yi duhu.

Fischer-Dieskau da masu ja da shi

Dietrich Fischer-Dieskau mutumin Balin ne, an haife shi a 1925, ya rasu a 2012. An ɗauke shi soja yana matashi a Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa suka kama shi a Italiya, ya yi zaman fursuna yana rera wa 'yan'uwansa fursunoni waƙa. A 1948, yana ɗan shekara 22, ya rera Winterreise, wani jerin waƙoƙin Schubert da zan zo kansa a gaba, a gidan rediyon Balin. Tsakanin 1966 da 1972, shi da makaɗi ɗan Ingila Gerald Moore suka ɗauki kusan duk waƙoƙin Schubert da suka dace da muryar namiji wa kamfanin Deutsche Grammophon, ɗaruruwan waƙoƙi waɗanda da dama a cikinsu ba a taɓa jin su a faifai ba. Shi ya sa sunansa yake ko'ina. Duk mai rera Lied a yau, ko dai yana bin sawunsa ko yana ƙoƙarin kauce wa sawun.

Salonsa shi ne bai wa kowace kalma haƙƙinta. In baitin ya ce sanyi, za ka ji sanyin a muryar. In ya ce hawaye, kalmar za ta yi nauyi. Ga wanda ba ya jin Jamusanci wannan rahama ce, domin yana yi maka tafinta da sauti. Masu sukarsa kuma cewa suke abin ya yi yawa, kamar malamin da ke ja wa kowane layi jan biro. Marubucin Faransa Roland Barthes yana cikin waɗanda suka yi wannan ƙorafi, ya ce ya fi son wani mawaƙi, Charles Panzéra. A ganina ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya a faya-fayensa na tsufa, lokacin da murya ta fara bushewa yana cike giɓin da wayo. A na shekarun 1950 da 1960 kuwa, inda murya take da maiƙo, wayon bai fito fili ba. Ni dai ban taɓa jin sa ido da ido ba, ya bar dandamali a ƙarshen 1992, don haka hukuncina na faifai ne, kuma makirfo yana ƙara girman abin da a babban zaure zai wuce kamar raɗa.

Kishiyarsa a kunnena Fritz Wunderlich ne, mai muryar Tenor, wanda ya rasu a 1966 sakamakon faɗuwa daga matakala, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 36. Shi ba ya yi wa kalma bayani. Buɗe baki yake muryar ta kwarara kamar ruwan randa, tsaf, ba ƙura. Dichterliebe ɗinsa da makaɗi Hubert Giesen shi nake fara bai wa duk wanda ya ce min Lied yana da nauyi. Akwai masu cewa ya yi ƙuruciya, bai shiga ɗacin Heine ba, domin Heine mutum ne mai ba'a, yana kuka yana yi wa kukan dariya. Gaskiya ne. Amma saurayin cikin waƙar ma yaro ne.

Akwai Hans Hotter, ƙaton mawaƙin wasannin kwaikwayo na waƙa da mai tsara kiɗa Wagner ya rubuta, wanda ya rage muryarsa ta koma kamar dattijo yana magana da kansa. Akwai Elisabeth Schwarzkopf, gwanar waƙoƙin Wolf da Strauss, wadda take sassaƙa kowane harafi har wasu su ce ƙawar ta yi yawa, kuma wadda kasancewarta 'yar jam'iyyar Nazi a ƙuruciya ya bi sunanta har kabari. Kada kuma ka ɗauka sai Bajamushe. Marian Anderson da Jessye Norman baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, kuma Erlkönig ɗin Norman yana nan a bidiyo, ka kalli yadda fuskarta take sauyawa daga uba zuwa ɗa zuwa aljani. A masu rai yanzu, ka nemi Christian Gerhaher da makaɗinsa Gerold Huber, waɗanda suke tare tun suna ɗalibai, da Matthias Goerne mai murya kamar daren damina, da Ian Bostridge ɗan Ingila, wanda ko dai ka so shi ƙwarai ko ka kasa jure shi.

Tun da makaɗi ne ni, bari in yi son kai kaɗan. A da, faifai kan fito da sunan mawaƙi da manyan baƙaƙe, makaɗi kuwa wani lokacin ko sunansa babu. Gerald Moore ne ya yi yaƙin ƙwato mana mutunci, da wasa da dariya da rubuce-rubuce, har a 1967 aka yi masa bikin ban kwana a Landan inda Fischer-Dieskau da Schwarzkopf da Victoria de los Ángeles suka zo su ne 'yan rakiyarsa. Idan za ka zaɓi faifai, ka duba suna na biyu. Winterreise da Peter Schreier ya yi da Sviatoslav Richter a Dresden a 1985, ko wanda Peter Pears ya yi da Benjamin Britten a 1963, rabin darajarsu tana ƙarƙashin yatsun mai fiyano.

Ta ina za ka fara

Shawarata ba ta da tsada. Ka zaɓi waƙa ɗaya. Kafin ka kunna, ka nemi fassarar baitocinta a harshen da kake ji, suna nan a intanet kyauta, ka karanta sau biyu har labarin ya zauna. Sannan ka saurara da baitocin Jamusancin a gabanka, kana bin su da ido ko da ba ka fahimta, don ka san a wane ɗango ake. Bayan haka ka ji wannan waƙa ɗin a bakin mutum biyu, ɗaya bayan ɗaya. Kunnenka zai fara musun da ka ga ana yi, ba sai wani ya koya maka ba. Ka sa abin saurare na kunne, domin lasifikar waya tana cinye hannun hagun fiyano, inda guguwa da duhu suke. Kuma ka sani fassara tana ba ka ma'ana ne kawai. Daɗin harafin Jamusanci a kan sauti, yadda wasali yake buɗewa daidai inda kari ya hau, wannan ko ni da na koyi harshen da girmana wani sashensa yana wuce ni.

In Erlkönig ya zauna, ka wuce Dichterliebe, kamar rabin awa ne. Sai ka ajiye wani dare na musamman don Winterreise, wato tafiyar hunturu, waƙoƙi 24 da Schubert ya yi a 1827 da baitocin Wilhelm Müller, sama da awa guda. Kada ka ji shi kana tuƙi ko kana hira.

Labarinsa kusan babu labari. Saurayi ne da aka fasa ba shi budurwa, ya fita daga garin cikin dare da dusar ƙanƙara. Ɗangon farko yana cewa baƙo na shigo, baƙo kuma zan fita. Fiyano yana taku, taku, taku, kamar sawun mai tafiya. A baitin ƙarshe na wannan waƙa ta farko, inda yake cewa ba zai tashi yarinyar daga barci ba, zai dai rubuta mata sai da safe a ƙofa, Schubert ya juya sautin daga mai duhu, wanda Jamusawa ke kira Moll, zuwa mai haske, Dur. Da hankali sai ka ce nan ne za a ji sauƙi. A aikace nan ne ya fi ciwo, kuma nan ne nake gane mawaƙi. Wani yakan narke, wani yakan daure kamar mai hana hawaye zuba. Daga nan sai tafiya: bishiyar da ya saba zama ƙarƙashinta, kogin da ya daskare, mai kawo wasiƙa da bai kawo masa komai ba, hankaka da ke bin sa yana jiran gawa, maƙabartar da ya ɗauka masauki ce ita ma ta ce babu ɗaki. Abokin Schubert, Josef von Spaun, ya ba da labarin cewa ranar da Schubert ya fara rera musu waɗannan waƙoƙi sun rasa abin cewa saboda duhunsu, ɗayansu ya ce guda ɗaya kawai ta yi masa, ta bishiyar nan. Schubert ya amsa cewa shi ya fi son su a kan duk sauran, kuma su ma za su zo su so su. Yana kan gadon ajalinsa yana gyaran kurakuran bugun kashi na biyu na waɗannan waƙoƙi.

Ko da yake namiji ne ke magana a ciki, mata sun rera shi, daga Lotte Lehmann zuwa Christa Ludwig da Brigitte Fassbaender, kuma na Fassbaender yana da wani zafi da maza da yawa ba su kai ba.

Waƙa ta 24 sunanta Der Leiermann. A bayan ƙauye matafiyin ya tarar da wani tsoho almajiri, ƙafa ba takalmi a kan ƙanƙara, yana murɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da hannun murɗawa, yatsunsa sun sandare. Ƙoƙonsa wayam, ba mai kallonsa, karnuka suna yi masa gurnani. Hannun hagun fiyano sauti biyu kawai yake riƙewa daga farko har ƙarshe, hannun dama yana maimaita ɗan guntun kari kamar na mai gurmin da ya gaji. Yaro ɗan wata shida da fara koyo zai iya buga shi, amma ni har yau ban taɓa tashi daga kansa na ce na yi daidai ba, domin in ka sa masa tausayi ka ɓata, tsohon ba ya neman tausayin kowa. A ƙarshe matafiyin ya tambaye shi: tsoho mai ban mamaki, in bi ka? Za ka kaɗa wa waƙoƙina? Ka ji wannan tambaya a bakin Hotter a faifansa na 1954 da Moore, sannan ka ji ta a bakin Fischer-Dieskau na 1962, shi ma da Moore. In ka ji, ka rubuto min ka gaya min wanne a cikinsu ka yarda zai bi tsohon.